Darasin Malam Kau-da-kai

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka kada wani ya ce na ci mutuncin dattijo. Idan ni ban faɗa ba, wa zai faɗa? Shekara talatin da huɗu ya yi yana koya wa mutane tuƙin mota, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin babban titin da ya raba unguwarmu biyu har ƙafarsa ta yi tsami yana jiran a ba shi hanya, to ya ɗanɗani aikin Yaya, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Ni tela ce. Shagona yana kallon titin nan, daidai inda aka zana fararen layuka don masu tsallakawa. Keken ɗinkina a bakin taga yake, saboda haka ina taka keke ina kallon mutane suna wasa da ransu tun safe har yamma. Layukan nan duk shekara sai an zo an sabunta musu fenti, ban san don wa ba. Ban taɓa ganin motar da ta tsaya dominsu ba, sai dai in mai ne ya ƙare mata a wurin.

Makarantar Yaya ɗaki ɗaya ce, da benci uku, da allo mai alamomin hanya da rana ta cinye launinsu, sai motoci biyu da suka ga duniya. Motar koyo tana da birki na biyu a gefen malami, don in ɗalibi ya ruɗe malami ya taka. A kan wannan birkin Yaya yake ajiye takalmansa in zafi ya dame shi. Yana koyar da giya da kuloci da juya sitiyari kamar kowa, amma darasin da ya yi suna da shi daban ne, kuma sai a mako na uku yake ba da shi, bayan ya rufe ƙofa kamar mai ba da laƙani.

"Mai tafiya a ƙasa ba motarka yake kallo ba," in ji shi. "Idonka yake nema. Da zarar kun haɗa ido, ka sa hannu a takarda ke nan. Zai jefo ƙafa, ya jawo matarsa, da 'ya'yansa, da buhunsa, ga mutum ashirin a bayansa suna jiran sa'a. Kai kuma ka zama mai gadin titi. To in ka hango shi a bakin hanya, me za ka yi?"

Ɗalibai su haɗa baki: "Kau da kai, Malam."

A nan sunan ya samo asali. Har yau in ka ce Malam Kau-da-kai a kowace tasha, sai wani direba ya dafa ƙirji ya ce shi ya yaye shi. Kuma wurin gwajin wannan darasi bakin shagona ne. Sai ya kawo ɗalibi daidai layukan nan, jarida a naɗe a hannunsa, duk wanda idonsa ya zame ya kalli wata tsohuwa mai kaya a ka, sai ya ji ta a ƙeya. Gwarzon ɗalibansa wani ne Dogo, wanda daga baya ya zama direban bas. Yaya yakan ce Dogo ko uwarsa ce a bakin titi ba zai gan ta ba, kuma yabo ne yake yi.

Ni kaina na sha. Wata rana na ɗauko bandir biyu na yadi a ka, rana ta take, na hango motar Yaya tana tahowa, shi ne ma a sitiyari. Na ɗaga hannu ina murna. Bawan Allahn nan ya juya fuskarsa ya shiga karanta allon wani kantin taya, ya wuce ni fuu, iskar motar ta kusa tafiya da mayafina. Da na je gida na tare shi, ya ce wai a kan titi babu ƙanwa. Na ce Allah ya kai mu ranar da za ka sauko ƙasa.

Abin alfaharinsa shi ne bai taɓa buge kowa ba. Nakan ce masa, "Yaya, ba gwanintarka ba ce, mutane ne suka iya gudu." Sai ya ce mace da keken ɗinki me ta sani game da hanya.

Ranar kuwa ta zo. Ya je sabunta lasin, aka sa shi karanta haruffa a bango, ya karanta layin sama da ƙyar, sauran ya cika da ka. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe na hagu, na daman ma ya kama hanya. Aka hana shi lasin. Ya yi faɗa, ya ce shi ya koya wa rabin ma'aikatan ofishin tuƙi, suka ce sun sani, shi ya sa. Makaranta ta rufe. Matarsa ta riga mu gidan gaskiya tun da daɗewa, sai ya tattara ya koma gidan ɗansa, can tsallaken titi, yana da shekara sittin da shida, ba shi da abin hawa sai ƙafafunsa.

Ranar farko da ya taso zai zo shagona, na ajiye almakashi na gyara zama. Ya tsaya a kan layukan nan da hannu a baya, yana jiran a gane shi. An kuwa gane shi. Motoci suna zuwa suna danna masa oda ta gaisuwa, wani ma har ya ɗago hannu ta taga, amma fuskar kowa tana wancan gefen. Na gama kalmasa bakin zane biyu, na sa maɓalli shida a riga, Yaya yana nan inda yake. Da ƙyar ya raɓa bayan wani mai tura kaya ya tsallako, gumi har cikin kunne.

"Direbobin yanzu ba su da tarbiyya," in ji shi, yana neman wurin zama.

Na ce, "Ashe wanzami ba ya son jarfa."

Akwai gadar sama ta masu tafiya a ƙasa, taku ɗari biyu daga shagona, matakala arba'in da shida hawa, arba'in da shida sauka. Na nuna masa ita. Ya ce gwiwarsa ba za ta iya ba, sannan gada ta matsorata ce da waɗanda ba su san halin direba ba. Shi kuwa ya san halin direba, tunda shi ya ƙera shi. Kwana uku ya yi a ɗaki yana nazari, ya fito da darasi na biyu.

"Direba in ya ga ka gan shi, ba zai taɓa birki ba, don ya san za ka tsaya," in ji shi. "Sai ka nuna masa ba ka san da shi a duniya ba. Ka ɗaga haɓa, ka kafa ido a kan wani abu a tsallake, ka shiga abinka. Alhaki ya koma wuyansa, dole ya taka."

Na ce, "To in direban ma ya kau da kai fa?"

Ya ce ai direba yana gani da wutsiyar ido. Na ce kai da wutsiyar idon taka ta hagu ta tafi hutu? Ya yi kunnen uwar shegu da ni.

Abin haushin shi ne dabarar ta yi aiki. Allon shagona ya zaɓa ya zama abin kafa ido. Kullum sai in ɗago kai in ga Yaya ya doso ni ta tsakiyar motoci, haɓa a sama, ido a kan hoton almakashin da ke allona, tayoyi suna ƙara hagu da dama, ana aiko masa da zagi har na kakannin da muka haɗa. In ya iso sai ya kakkaɓe riga ya ce, "Kin gani? Ilimi ne." Ni kuwa sai na sha ruwa kafin in iya zura zare a allura.

Yanzu bari in kawo yarinyar, don ita ce maganar. Ɗan Yaya yana aiki a wani gari mai nisa, sai ƙarshen wata yake leƙowa. Matarsa nas ce a babban asibiti, a sashen da ake kai waɗanda suka yi hatsari, kuma aikin safe take yi, tun ƙarfe shida da rabi ta fita. 'Yarsu ɗaya, sunan mahaifiyarmu aka sa mata, shi ya sa ni da Yaya ba ma iya kiran sunan, sai mu ce Inna Ƙarama. Da ta cika shekara shida aka sa ta makarantar da ke bayan shagona. Gida yana can, makaranta tana nan, titi a tsakani, kuma babu mai kai ta sai kakanta.

Ban taɓa ganin abin da ya tashi mutum daga kwance kamar wannan aiki ba. Yaya da ya fara yini da rigar barci yana faɗa da rediyo, sai ga shi yana goge kaya tun daren jiya, yana aske gemu, yana shafa wa takalmi mai. Shi ke duba jakarta, shi ke cika mata gorar ruwa, shi ke fiƙe fensir. In ta riƙe ɗan yatsansa suna tafe tana zuba masa surutu, wallahi ko lokacin da yake da motoci biyu ban ga fuskarsa haka ba. Duk duniya wannan ne kaɗai abin da ya rage ana jiran sa ya yi, kuma ya san haka.

Nas ta san halinsa, don labarin tsallakawarsa ya kai har asibiti. Ta same shi a gabana, ta durƙusa, ta ce, "Baba, alfarma ɗaya nake roƙo. Ta gada za ku riƙa bi. Ni nake wanke waɗanda ake kwasowa daga titin nan, na san yadda suke zuwa. Ranar da na ji an tsallaka da ita ta ƙasa, Baba ka yafe mini, zan karɓi kai ta makaranta ko da aikin zan ajiye."

Yaya ya ce, "Haba 'yata, kina magana da wanda ya shekara talatin da huɗu a kan hanya."

Ta ce, "Shi ya sa, Baba."

Ya yi alkawari. Kwana huɗu ya hau gada. A rana ta biyar na ɗago kai daga keke, sai ga haɓa biyu sun doso ni, babba da ƙarama, ido huɗu a kan almakashina. Ya ce mata sirrinsu ne, ita kuwa yarinya me ya fi mata daɗi da sirri? Kafin wata guda ta fi shi iyawa. Tana ɗaga 'yar haɓar nan tana taku ɗai-ɗai, ya riƙa kallon ta yana jin daɗi kamar ya samu sabon Dogo.

A nan zan faɗi nawa laifin, don ba zan wanke kaina da sabulun Yaya ba. Na yi masa faɗa, na yi masa barazana, har na ce zan cire allon. Amma ban gaya wa uwar yarinyar ba. Kullum in ta biyo ta shagona da yamma ta ce, "Gwaggo, ya suka wuce yau?" sai in ce lafiya lau, in sunkuyar da kai a kan ɗinki. Na san in na faɗa za a karɓe masa yarinyar ya koma rigar barci, kuma ɗan'uwana ne, tausayinsa nake ji. Wata uku ina wannan munafunci.

Wata Talata da safe, ƙarfe bakwai da kwata, suka iso bakin layukan. Gorar ruwan ta zame daga hannun Yaya ta gangara bakin kwata. Ya saki hannun yarinyar ya sunkuya zai ɗauko. Ita kuwa ta ga an iso wurin da ake shiga, ta ɗaga haɓa, ta kafa ido a kan allona, ta shiga.

Daga hagu bas tana tahowa cike da mutane, Dogo a sitiyari. Ya hango mutane a bakin titi tun daga nesa, ya yi abin da aka koya masa, ya juya fuska yana kallon wancan gefen. Daga tagata ina ganin su duka biyun, ɗalibin darasi na ɗaya da ɗalibar darasi na biyu, kuma babu wanda ya yi kuskure ko ɗaya a cikinsu.

Yaya ne ya ɗago. Ya yi wata tsawa da muryar nan tasa ta cikin motar koyo: "Dogo, birki!" Ina jin a duk shekarun koyarwarsa ranar ce ya fara faɗin kalmar nan da gaske. Tagar bas a buɗe take, ƙafar Dogo ta bi muryar malaminta kafin kansa ya juyo. Tayoyi suka yi kuka, fasinjoji suka hau kan juna, bas ta ja ta tsaya, amma sai da gefen gabanta ya daki jakar bayan yarinyar ya wurgar da ita a kan kwalta. Ta faɗi a kan hannunta na dama.

Dogo ya sauke fasinjojinsa a nan, ya kwashe mu zuwa asibiti, ni ko takalmi ban sa ba. Kuma wane sashe za a kai yarinyar da mota ta buge, in ba na uwarta ba? Tana tsaye da farin kaya tana rubutu a kan kati muka shigo. Ta dubi 'yarta a hannun Dogo, ta ajiye biron a hankali, ta karɓe ta, ta shige da ita ciki.

Muka zauna a benci a baranda. Dogo, ƙato guda mai furfura a gemu, yana ta share hawaye da hularsa.

"Malam, wallahi ban gan ta ba."

Yaya ya ce, "Ina kake kallo?"

"Inda ka ce, Malam."

Ba da gatse ya faɗa ba, shi ya sa maganar ta shiga Yaya. Har lokacin gorar ruwan tana hannunsa, yana ta juya ta.

Ƙashin hannu ne ya tsage, sai ƙujewa a goshi da gwiwa. Allah ya taƙaita. Da aka ɗaure hannun aka kira mu ciki, nas tana zaune a bakin gado tana shafa kan 'yarta, ta tambaye ta a gabanmu, "Ba ki ga mota ba ne?"

Yarinya ta ce, "Ai ba a kallo, Mama. Kaka ya ce in ka kalla ba za su tsaya ba."

"Tun yaushe kuke bi ta ƙasa?"

"Tun tuni. Sirri ne."

Na so a ce ta yi ihu, ta zage mu, da ya fi mini sauƙi. Sai ta tashi, ta durƙusa a gaban Yaya kamar yadda ta saba, ta ce, "Baba, an gode da ɗawainiya. Daga gobe ka huta." Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Gwaggo, ke kuma ashe tagarki tana kallon titin."

Ta roƙa aka mai da ita aikin rana, yanzu ita ke kai 'yarta da kanta, ta gada. Abinci ba ta fasa kai wa Yaya ba, gaisuwa ba ta ragu ba, ko sau ɗaya ba ta sake tayar da maganar ba. Ya aiko ni in ba ta baki, na je, ta saurare ni har na gama, ta tambaye ni ko na gama ɗinkin labulenta.

Na ɗauka zai koma rigar barci, amma hali zanen dutse, mutumin nan bai iya zama ba ya koyar da wani abu. Ya zo ya ce in yanko masa jan ƙyalle, na yanka, ya ɗaura a sanda. Yanzu kullum ƙarfe bakwai ya fito da gogaggun kayansa, ya hau gadar matsorata, matakala arba'in da shida yana hutawa sau uku, ya sauko gefena, ya tsaya a kan layukan yana tsallakar da mutane. Yana ɗaga ƙyallen, yana leƙa gilashin kowace mota da rabin idon da ya rage masa, yana kiran tsofaffin ɗalibansa da sunayen da ya laƙa musu, yana cewa, "Kalle ni nan. Kalle ni, na ce." Dogo yana tsayawa, ko babu kowa a bakin titin. Wasu biyu ko uku ma suna tsayawa. Sauran su danna masa odar gaisuwa su kau da kai, don aikin shekara talatin da huɗu ba jan ƙyalle ɗaya ne zai warware shi ba.

Amma ni na san ba don masu tsallakawa yake goge kaya ba. Ƙarfe bakwai da minti ashirin nas da 'yarta suke saukowa daga gada, su biyo ta gaban shagona zuwa makaranta. Da ya hango su sai ya sauke sandar, ya gyara hula. Nas ta rage tsawo ta ce, "Ina kwana, Baba." Ya amsa, amma idonsa yana kan yarinyar.

Jiya ma haka aka yi. An kwance mata ɗaurin hannu, tana saɓe da sabuwar jaka. Ya matso, ya ɗan miƙa ɗan yatsan nan da take riƙewa, ya ce, "Inna." Yarinyar ta san in suka haɗa ido zai kamo hannunta, kuma hannun bai manta ba. Ta ɗaga haɓa, ta kafa ido a kan ƙofar makaranta, ta wuce shi da taku ɗai-ɗai.

Ya daɗe a tsaye, sannan ya shigo ya zauna a bencin masu jiran ɗinki. Na ce, "Yarinta ce, Yaya, za ta huce."

Ya ce, "Kin ga yadda ta yi? Ko ƙifta ido ba ta yi ba. Ko Dogo bai kai ta ba."

Na jira ya ƙara da "ilimi ne" kamar yadda ya saba, bai ƙara ba. Ya naɗe jan ƙyallen a jikin sandar, ya jingine ta a bayan ƙofa inda yake ajiye ta, ya tambaye ni ƙarfe nawa ake tashin su yau.